Mota Mai Ɗaki Don Haya: Sabuwa Ko Ta Hannu, Kuma Ta Wane Kamfani?

Tambaya: "Ni ɗan kasuwa ne, ina son in sa wani ɓangare na jarina a harkar bayar da hayar mota mai ɗaki, wato irin mai gado da kicin da bayi a ciki. Kamfanonin sun yi mini yawa, kowane dillali nasa yake yabo. Wanne ya fi? Kuma in sayi sabuwa fil guda ɗaya, ko in nemi ta hannu in rage kuɗin juyawa?"

Ɗan'uwa, kafin a zo kan sunan kamfani, ka san cewa abu biyu kake saya a haɗe. Akwai motar kanta, wato inji da giya da birki da ƙarfen ƙasa, wannan aikin kamfanin mota ne. Akwai kuma ɗakin da aka ɗora mata, shi ne aikin kamfanin da sunansa ke rubuce a jiki. A Turai yawancinsu a kan Fiat Ducato ake ginawa, sai Peugeot Boxer da Citroën Jumper waɗanda ƙira ɗaya suke da ita, sannan Ford Transit da Mercedes-Benz Sprinter. Saboda haka motoci biyu masu tambari daban da farashi daban za su iya zama da inji iri ɗaya sak. Bambancin kuɗin yana jikin bango da rufi da kayan ciki.

Sunayen ma ba su kai yawan da kake gani ba. Hymer, Bürstner, Dethleffs, Laika, Carado da Sunlight duk gida ɗaya ne, Erwin Hymer Group na Jamus, wanda kamfanin Thor Industries na Amurka ya saya a 2019. Chausson, Challenger, Roller Team, Benimar, Auto-Trail da Adria suna ƙarƙashin Trigano na Faransa. Knaus da Weinsberg na Knaus Tabbert ne. A Amurka, Thor ne ke da Jayco da Tiffin, Winnebago ya sayi Newmar, Coachmen kuma na Forest River ne. Kowane gida yana da ta masu hali da ta masu matsakaicin ƙarfi. Carado da Sunlight, alal misali, a masana'anta ɗaya ake haɗa su, kuma su ne masu sauƙin kuɗi a gidansu. Firji da murhu da na'urar ɗumama ɗaki da bayi kuwa, kusan kowa a wajen Dometic, Thetford da Truma yake saro su.

Ga mai haya, shawararmu ita ce matsakaiciya. Ɗan haya ba ya riƙon kaya kamar mai shi. Zai buga ƙofar kabad, zai goga gefen motar da reshe, zai manta tagar rufi a buɗe ya tayar. Ƙarin kuɗin da za ka biya don kujerar fata da katako mai ƙyalli, kuɗin hayar dare ba zai dawo maka da shi ba. Abin da za ka tambayi dillali shi ne wanda bai cika son a tambaya ba: ina wakilin wannan kamfani mafi kusa, kuma idan taga ta fashe ko bamba ta tsage, mako nawa ake ɗauka kafin kayan gyara su iso? Kayan injin Ducato ko Transit ba sa wuyar samu a inda motocin suka yawaita, amma murfin gefe na ɗakin sai dai daga kamfanin da ya gina shi. Motar da ta yi wata guda tana jiran murfi a tsakiyar lokacin ciniki ta cinye ribar shekara.

Sai nauyi, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi sai an tare su. A Turai lasisin ƙaramar mota ya tsaya a kilo 3,500. Abin da ya haura haka sai mai lasisin C1, kuma yawancin masu zuwa haya ba su da shi. To a ce takarda ta nuna nauyin motar kilo 3,050, saura 450 ke nan. A cikin wannan lissafi, daga mutanen da za su hau direba kawai aka sa, a kilo 75. Ƙara fasinja uku, kilo 225 sun tafi. Cika tankin ruwa mai lita 100, kusan wani kilo 100 ya tafi. Rumfar gefe da ƙarin batir da maƙalin keke duk daga ragowar za a cire. Doka kuma ta yarda ainihin nauyin ya bambanta da na takarda da kashi 5 cikin 100, wato kusan kilo 150 a wannan misali. Don haka ka hau da ita kan sikelin manyan motoci kafin ka biya. Ka kuma ƙirga kujeru masu bel, domin akwai mota mai wurin kwanan mutum shida amma bel huɗu gare ta, kuma mutum huɗu kawai za ka iya ba wa hayarta.

Yanzu batun sabuwa da ta hannu. Babban kuɗin da mota mai ɗaki ke ci shi ne faɗuwar darajarta, ya fi na mai da na gyara, kuma a shekarun farko faɗuwar ta fi tsanani. Mu ɗauki lambobin misali, kai kuma ka maye su da ainihin farashin da ka gani a kasuwa. Ka sayi sabuwa a 100, bayan shekara 3 ka sayar a 70, ka yi asarar 10 duk shekara. Wani ya sayi irinta mai shekara 3 a 70, ya sayar a 55 bayan shekara 3, tasa asarar 5 ce a shekara, kuma 30 ɗin da ya rage yana hannunsa yana juyawa. Ka haɗa wannan asara da inshora da kuɗin wurin ajiya da sabis da ruwan bashi idan akwai, ka raba da yawan daren da kake da tabbacin za a yi haya. Abin da ya fito shi ne kuɗin da kowane dare yake cinka kafin ka ga riba. Kada ka raba da kwana 365, harkar tana da lokacinta, kuma tsakanin mai haya da mai haya akwai ranar wanki da duba.

Sabuwa tana da nata amfanin: garanti, da inji mai cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, wadda birane irin su Landan suke cajin motar dizal da ba ta cika ta ba. Sai dai garantin kashi-kashi ne, na inji daban, na ɗaki daban, na shigar ruwa daban, kuma kamfanoni da yawa suna rage shi ko su soke shi idan motar ta shiga haya. A rubuta maka a takarda cewa garantin ya haɗa da haya. Idan an ƙi rubutawa, babban dalilin sayen sabuwa ya faɗi. Kuma sabuwa ma ba ta rasa 'yan matsaloli a watannin farko, ƙofar da ba ta rufuwa daidai ko famfo mai ɗiga, tunda da hannu ake haɗa yawancin kayan cikin.

A ta hannu kuwa, abin tsoro shi ne danshi. Bangon ɗakin falle-falle ne aka manne: alminiyam ko faiba a waje, soso a tsakiya, siririn katako a ciki. Danƙon da aka liƙe gefen taga da tagar rufi da kusurwoyi da shi yana bushewa ya tsage, ruwa ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, katakon ciki ya ruɓe ba tare da an ga komai daga waje ba. Ka je da na'urar auna danshi, ko ka ɗauki ƙwararre ya auna. Ƙasa da kashi 15 lafiya lau, 15 zuwa 20 a sa ido, sama da 20 akwai magana, idan ya kai 30 ruwa ya riga ya yi ɓarna. Ka buɗe kabad na sama ka danna bango da babban yatsa, ka ɗaga katifa ka duba kusurwa, ka taka daɓen kusa da ƙofa da gaban bayi. Inda ya lotsa ko ya yi taushi, ruɓa ce. Idan ka shiga ka ji an fesa turare da yawa, ka rufe tagogi na minti goma ka sake shaƙa. Garantin shigar ruwa yakan kai shekara 5 zuwa 10, amma da sharaɗin a kai ta duba kowace shekara, kuma tsallake shekara ɗaya yana iya kashe shi. Motar da ba ta da cikakken hatimin wannan duba, ko ka rage kuɗi sosai ko ka bar ta.

Kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. Waɗannan motoci zama ne ke lalata su. Taya tana tsagewa alhali zanenta bai cinye ba, don haka ka karanta lamba huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikinta, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma wadda ta wuce shekara 6 ko 7 ta isa canji. Injin Ducato mai lita 2.3 da belin tamin yake aiki, ana canza shi wajen shekara 5 ko da motar ba ta yi tafiya ba, kuma idan ya tsinke injin ya tafi. A nuna maka rasit. Ka ce a kunna firji tun daren jiya, ka gwada shi a gas da lantarki, ka kunna ruwan zafi, ka duba kwanan watan da ke jikin tiyon gas. Sannan ka tabbatar lambar jikin motar ta yi daidai da ta takarda, kuma babu bashin banki a kanta.

Da a hannunmu kuɗin yake, da mun nemi mai shekara 2 zuwa 4, matsakaiciya, a kan Ducato ko Transit, mai Euro 6, wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba, tsawonta bai kai mita 7 ba don baƙon direba ya iya juya ta, da bel huɗu da cikakkun takardun duba danshi. Ka ware wajen kashi 10 na kuɗin sayen don taya da batir da gyaran farko. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka karɓo farashin inshorar haya a rubuce, domin inshorar mota ta gida ba ta biyan ɓarnar da ɗan haya ya yi. Ka fara da guda ɗaya, ka riƙa rubuta daren da ta yi aiki da abin da ta ci har shekara ta zagayo, sannan ka yanke shawara kan ta biyu.