Nura sunan maza ne ko na mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Allah ya sauki iyalina lafiya, mun samu 'ya mace. Uwar tana son a sa mata Nura, amma yayyena sun ce ba a taɓa yi ba, sunan maza ne. Ƙanwarta da ta zauna a Jidda kuma ta dage cewa can mata ake kira haka. Wa ke da gaskiya? Daga wani magidanci a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya ta. Yayyenka da ƙanwar matarka duk ba wanda ya yi kuskure, hanya biyu sunan ya biyo.

Tushensa Nur, wato haske. Sura ta 24 a Alƙur'ani ita ce Suratun Nur, kuma An-Nur na cikin sunayen Allah, shi ya sa ake da Abdunnur. Larabawa na sa wa namiji da mace Nur. In suka ƙara masa harafin mata a ƙarshe ya zama Nura, to ya koma na mace zalla. Babbar jami'ar mata da ke Riyad sunan Nura bint Abdurrahman take ɗauke da shi, 'yar'uwar Sarki Abdul'aziz wanda ya kafa Saudiyya.

Namu Nuran ta wata ƙofa ya shigo. Guntun Nuraddini ne. Bahaushe ba ya son dogon suna a baki: Shamsuddini ya koma Shamsu, Kamaluddini ya koma Kamalu, Sirajuddini ya koma Sirajo. Haka Nuruddini ya ba mu Nuru, Nuraddini ya ba mu Nura. Su waɗannan sunaye masu "addini" a ƙarshe, asalinsu laƙabin girmamawa ne na sarakuna da malamai. Nuruddin Zangi, sarkin Halab da Dimashƙa a ƙasar Sham da ya rasu a 1174, wanda Salahuddin Ayyubi ya yi aiki a ƙarƙashinsa, sunansa na yanka Mahmud. Maza aka fi yi wa irin laƙabin, don haka guntunsa ma ya zauna a kan maza. Wasalin "a" na ƙarshe bai dame mu ba, ga Musa, ga Isa, ga Hamza.

Game da tashensa, duba gidanku kawai. A sahun kakanni Audu, Mamman, Garba da Tanko suka fi yawa. Nura ya fi yawa a 'ya'yansu, zamanin da Islamiyya ta bazu, mutane suka riƙa neman sunayen Larabci bayan waɗanda aka gada. Yanzu kuma juyin ya faɗo kan mata, amma da siffar Nur. Dalilin a cikin alkunya yake. An yi wa kaka takwara, ba mai iya kiran sunan gatsal, sai a nemi laƙabi. A da Ummi ko Mama ko Hajiya ake cewa. Iyayen yau da suka saba da Umara da tashoshin Larabawa sun koma Nur, Iman, Amal, Afnan. Shiga ajin nazare a Unguwar Rimi ko Malali ka ji kiran rajista. Matan da suka yi fice da sunan ma akwai su: Nur Jahan, matar Sarki Jahangir na Indiya, da Sarauniya Nur ta Jodan, Ba'amurkiyar da ta auri Sarki Husaini a 1978.

A shari'a babu laifi ko kaɗan, ma'anarsa kyakkyawa ce. Amma yarinyar a Kaduna za ta tashi, ba a Jidda ba. Duk wanda ya ga Nura a takarda namiji zai zata, kuma ita za ta yi ta gyara wa mutane har ta girma. Ni da za a bi tawa, a raɗa mata Nuriya ko Nuratu, a gida a kira ta Nur. Sannan ku tsai da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, kada nan ya zama Nur can Noor, don ranar rajistar JAMB ba a yarda sunan ya saɓa da na NIN.