Amsa ga ƙanena kan binciken ƙashin ƙafafun kare

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce bayan karatunka na likitan dabbobi a ABU Zariya ka samu gurbin digiri na biyu a nan Amurka, kan kwatanta yadda ƙashi ke sabunta kansa a ƙafar dama da ta hagu ta kare, kana neman shawara ko ka karɓa.

Da farko cire wa ranka cewa aikin asibiti ne. Rabin ranarka a ɗaki mai duhu za ta ƙare, ido manne da maikiroskof. Ƙashi ba ya hutawa, wasu ƙwayoyin halitta na cinye tsohon, wasu na bin bayansu suna cike gurbin. Don a auna saurin aikin, ana yi wa kare allurar tetirasaikilin ko kalsin (wani rini mai ƙyalli) sau biyu, da tazarar 'yan kwanaki. Maganin yana kama inda sabon ƙashi ke fitowa. Likitan ƙashi Harold Frost ne ya kafa hanyar a birnin Ditiroit cikin shekarun 1960. Sai a dasa ƙashin cikin roba mai tauri a yanka siriri, ba tare da an narkar da kalsiyam ɗinsa ba, don in aka narkar alamar ta tafi. A ƙarƙashin fitila ta musamman za ka ga layuka biyu suna ƙyalli, rawaya ko kore, tazararsu kake aunawa.

Kare ake zaɓa saboda yana sabunta ƙashinsa daga ciki kamar mutum, ɓera kuwa kusan ba ya yi. Idan dama da hagu suka yi daidai, ƙafa ɗaya ta zama ma'aunin ɗayar, karnukan da za a yi amfani da su sai su ragu, abin da kwamitin kula da dabbobin gwaji yake so ke nan.

Amma ga inda ake faɗuwa. Ka sha ganin karen mafarauta yana ɗingishi, nauyinsa duk ya koma kan lafiyayyar ƙafar. Ƙashi kuwa yana amsa nauyi, wani likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta haka tun 1892. To lafiyayyar ma ta canza, ba za ta ƙara zama ma'aunin ɗayar ba. Kuma kada ka haɗa ta gaba da ta baya, na gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 na nauyin jiki.

Ni dai na ce ka karɓa, in sun rubuta maka a takarda cewa kuɗin makaranta da alawus suna kansu. Kafin biza ta fito, ka dage da lissafin kwatanta gwaji biyu-biyu, irin na dama da hagu a kare ɗaya. Su Inna a Kawo kuwa ka tanadar musu amsa, don da sun ji kalmar kare za a yi ta magana. Ka gaishe min da su.