Zan kai uwargida yawon buɗe ido Agadas: ya dace ko in sauya gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin riɗi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Bana Allah Ya sa albarka a amfanin gona, kuma uwargida za ta cika shekara 30 a watan Afrilu. Ba taro nake so ba, so nake mu fita mu biyu, kwana huɗu, ta ga sahara. Agadas ce a raina. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara danƙon ƙauna. Niyyar ta yi kyau, amma watan da garin da ka zaɓa duk ba su dace da kwana huɗu ba.

Afrilu da Mayu su ne tsakiyar bazara a arewacin Nijar. Zafin rana yana haura digiri 40, daga hantsi zuwa la'asar babu mai yawo sai dole. Kuɗin ɗaki za ka biya ku zauna ƙarƙashin fanka. Lokacin ganin sahara shi ne hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu. Shawararmu, ranar da ta cika shekarun ka ba ta kyautarta a gida, ka sa mata ranar tafiya bayan girbi.

Agadas gari ne da ya cancanci ziyara. Hasumiyar babban masallacinta ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, an fara gina ta wajen 1515, kuma a 2013 UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Matsalar hanya ce. Daga Damagaram zuwa can, ta Tanut, kimanin kilomita 450 ne, wuni guda cur a mota. Zuwa da dawowa daga Gumel za su cinye kwanakin naka huɗu. Ga batun tsaro: a 2025 an sace Turawa a cikin garin, kuma fita bayan gari zuwa tuddan yashi ba a yin ta sai da jagora ɗan gari da sanin hukuma. Ba tafiyar farko da iyali ba ce.

Damagaram muke ba ka. Ta Babura da Babban Mutum za ku shiga Magarya, daga nan kimanin kilomita 90 ya rage. In kun yi sammako, kafin la'asar kuna masauki. Akwai fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni mai gidajen ƙasa masu zane da manyan duwatsu a tsakanin gidaje, ga unguwar Zango da kasuwa. Nan ne hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mayar da ita Yamai. Hausa ake yi ko'ina, uwargida ba za ta ji baƙunci ba.

Takardu tukuna. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kada ka dogara da yadda aka saba tsallakawa a da. Kowannenku ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kuma ka tambayi jami'an shige da fice na iyaka mako guda kafin tafiya. Kada ɗan acaɓa ya ruɗe ka da barauniyar hanya. Shiga da sauƙi, amma a shingen jandarmomi na gaba za a nemi hatimin shiga, in babu shi nan tafiyar ta lalace. Ka bar motarka a gida, ku hau ta haya. Shigar da mota yana da nasa takardun.

Kuɗi kuwa, ka canza naira zuwa sefa tun daga wannan ɓangaren, a Maigatari ko Wapa a Kano, ka nemi ƙananan takardu. Inda baƙi ke yin asara shi ne lissafi. A Nijar da dala ake ƙirga: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000. In mai kaya ya faɗi farashi, ka ce ya rubuta maka lambar a waya. Ka raba kuɗin gida uku: mota, masauki da abinci, tsaraba. Kuɗin komowa kuma ka ba uwargida ta ɓoye daban.

A masauki kada ka biya sai kun ga ɗakin. Ka buɗe famfo da kanka, domin Damagaram ta daɗe da fama da ƙarancin ruwa, ka kuma tambaya ko akwai janareto ko sola. Ka biya kwana ɗaya tukuna. Kowa ya sha aƙalla lita uku ta ruwan gora a rana, ku tafi da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, ƙulli ɗaya a lita ɗaya. Da hunturu ku ɗauki bargo da man shafawa. In uwargida tana da juna biyu, ta fara zuwa awo ta tambaya kafin a sa rana.

Tambaya: Ni da maigida ba mu da fasfo, muna kusa da Haɗeja. Akwai inda za mu ga tuddan yashi a Najeriya?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Tulo-Tulowa a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe: tuddan yashi da dausayi mai bishiyoyin goriba da dabino. Hanyarku Haɗeja, Nguru, Gashuwa. Ku kwana Gashuwa, domin Tulo-Tulowa ƙauye ne, ba wurin masaukin baƙi ba. Da asuba ku ɗauki mota mai jan ƙafa huɗu da direba ɗan yankin. Ƙaramar mota tana kafewa a yashi, baƙo kuma ba ya gane hanya. Ku tafi da ruwa da abincinku, maigida ya fara gaida mai gari, ya tambayi halin tsaro kafin ku tashi, ku juyo kafin la'asar.