Shaidar ganin wata idan ta ci karo da lissafin falaki

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mutum biyu a garinmu sun ce sun ga watan azumi, masana falaki kuma sun ce a yammacin nan wata ya riga rana faɗuwa. Maganar wa za a ɗauka? Sauraron masu lissafi saɓa wa sunna ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, asali shi ne gani da ido. Manzon Allah (SAW) ya ce a ɗauki azumi in an ga wata, a ajiye in an gan shi, in gajimare ya rufe a cika talatin. Buhari da Muslim suka ruwaito. Shi ya sa Shehu Halil a littafinsa na fiƙihu, Muhtasar, ya ce wata ba ya tabbata da maganar mai duban taurari, kuma a kan haka mazhabarmu ta Malikiyya take. Da lissafi kaɗai ba mu fara azumi.

Tambayarka kuwa a kan tantance shaida take. Alƙali ba ya karɓar shaidar abin da ba ya yiwuwa. Imam Taƙiyyuddin Subki, wanda ya rasu a 756 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin bai yiwuwa, a mayar da shaidar, domin lissafin yankakke ne, shaida kuwa rinjayen zato ce. Malamai da dama sun saɓa masa, amma ni maganarsa nake rinjayarwa. Allah ya ce a Suratur Rahman rana da wata a kan lissafi suke tafiya. Zagayen wata, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, kuma da lissafin tafiyar rana da wata ake sanar da husufi tun shekaru kafin ya zo, ya kuma zo a kan mintinsa. Watan da ya riga rana faɗuwa, a ina za a gan shi?

Kada a ce wa shaidun maƙaryata. Mutumin kirki, ga ɗokin azumi, yakan hangi Zara ko ɓarin gajimare ko farin layin jirgin sama, ya rantse wata ne. A tambaye su dai: ƙarfe nawa, ta wane ɓangaren mafaɗar rana, ƙahonninsa ina suka kalla? Wannan aikin kwamitin duban wata ne, inda malamai da masana falaki ke zama tare, su miƙa wa Sarkin Musulmi. Kai dai ka jira sanarwarsa, kada ka ware da azuminka. Allah ne mafi sani.