Ki fito tsakar gida, lokacin kaka ya shigo

Ƙanwata na ga tambayarki, kin ce daga Kaduna aka kawo ki aure wani ƙauye kusa da Argungu, kowa ya wuce gona tun da sassafe, ba wuta ba sabis, kaɗaici ya ishe ki, wai me mutane ke jin daɗinsa a nan. Ni a ƙasar nan na tashi kuma nan nake aure, wallahi kin zo a lokacin da ya fi kowane daɗi, sai dai ba zai same ki a ɗaka ba.

Yanzu marka ta wuce, ruwa sai jefi-jefi, gero ya nuna. Ki ce ma maigidanki ya karyo miki zangarniya a yi tumu. A garwashi ake gasawa ana juyawa har ki ji ya fara ƙara tas-tas, sai ki murza a tafin hannu ki hure ƙaiƙayin ki watsa baki da zafinsa. Yara za su kewaye ki kowa ya miƙo hannu, kuma da haka ne za su saba da ke, ba da biskit ba. Ki yi sauri fa, da an shiga yankan gero sosai ya bushe to tumu sai baɗi. Maiwa da dawa su da saura, shinkafar fadama ma sai gaba.

Ga ɗanyar gyaɗa da gujiya, a dafa da gishiri a juye a faranti bayan magariba, kowa na ɓarewa ana hira, surukarki na ba da labarin mutanen da ba ki sani ba, ki saurara kawai, a nan za ki gane wa ke da wa a dangin. Hura kuwa ta sabon gero daban take, ga nono ya wadata tunda shanu sun ƙoshi da ciyawa, in 'yar Fillo ta shigo ki sayi man shanu ki soya ki ajiye don da rani sai ya yi tsada. Kuɓewa ma haka, yanzu take araha, ki yanka ki shanya, watan Maris za ki gode ma kanki.

Amma abin da nake so ki riƙe, in an fara kawo damma gida kada ki tsaya kallo daga ƙofar ɗaki. Ba wanda zai ce amarya ta yi sussuka, amma ki ɗauko tabarma ki zauna cikinsu, ki riƙe goyon wata, ki taya tsinkar gyaɗa, ki kai ruwan sanyi. Ki tambayi Inna yadda ake shiƙa ko da kin iya, tsofaffi na son a tambaye su. Za ki ga ana ware dami ɗaya cikin goma na zakka kafin a zuba rumbu, ana aika ma 'yan uwa da maƙwabta nasu, wani lokaci ke za a ba ki kai, kin ga kin san gidaje kenan.

Sauro dai yanzu ne ganiyarsa, dan Allah gidan sauro kullum, in kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun zo ki tuna ma matan gidan a karɓa a kammala na kwana ukun. Ciyawa ma ta yi tsawo, ki riƙa fita da tocila da dare saboda maciji da kunama.

Batun sabis kuwa ki tambayi samarin gidan, kowane ƙauye akwai tudu ko gindin iccen da ake samu, sun san wurin. Allah ya ba da zaman lafiya, ki gaida Inna.