Manaja ta ce za ta yi "lay off" ɗina: kora ce ko jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kula da tsofaffi a Ingila, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizata. Makon jiya manajarmu ta ce aiki ya ja baya, ta ce "we may have to lay you off", ta ƙara da "I'll get back to you". Na ce to, na fito. Da Turanci na yi digirina, amma wallahi ban gane ko korata za a yi ba. Ga shi a gida ana jiran kuɗin makarantar ƙannena.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mafita ta alheri. Kada ki ga kamar karatunki ne ya gaza. Turancin da aka koya mana a aji na manyan kalmomi ne, irin su "terminate" da "postpone". Shi kuwa Bature a wurin aiki ƙaramin aikatau yake ɗauka ya liƙa masa "off" ko "up" ko "down", sai ma'anar ta tashi ta koma wani wuri dabam, ko da kin san kowace kalma ita kaɗai.

"Lay off" kuwa fuska biyu gare shi. A bakin jama'a, musamman a Amurka, sallama ce daga aiki. Amma a dokar ƙwadago ta Birtaniya, yana nufin a ce ki zauna gida na ɗan lokaci saboda ƙarancin aiki, alhali kina nan a matsayin ma'aikaciyarsu, kuma ba su da ikon hana ki albashi sai in kwantiraginki ya ba su wannan dama. Sallama ta dindindin saboda rashin aiki ita ake kira "redundancy". Don haka ki ɗauko kwantiragin yau ɗin nan ki karanta.

Abin da ya sa na damu shi ne bizarki. Idan aikin ya ƙare, dole kamfani ya sanar da Home Office, wato ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, cikin kwanakin aiki 10, kuma galibi akan rage wa'adin bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya saura in bai kai haka ba. Cikin wannan lokaci ne za ki samo wani mai ɗaukar nauyi. Zaman gida ba albashi ma, in ya wuce mako 4 a shekara, yana iya shafar ɗaukar nauyin. Kin ga maganar ta fi ƙarfin gyaɗa kai.

Na san kunya ce ta sa kika ce to. Mu da ita muka tashi, babba yana magana ba a tsare shi da tambaya. Amma a can, shiru amincewa ce, kuma matambayi ba ya ɓata. "I'll get back to you" cewa ce kawai za ta waiwaye ki, babu rana babu wata. Ki aika mata imel cikin ladabi, ki tambaye ta ko na ɗan lokaci ne ko na dindindin, daga yaushe, ko za a biya ki, kuma ta ba ki amsa a rubuce: "Is this temporary or permanent? From what date? Will I be paid? Please put it in writing."

A zaman da za ku yi, ki kasa kunne ga waɗannan. "Let you go" ya yi kama da alfarma, amma kora ce. "Put off" ɗagewa ce, "call off" sokewa ce gaba ɗaya. Wanda ya fi haɗari shi ne "hand in your notice": wato ke da kanki ki rubuta takardar ajiye aiki. Kada ki yi, kada kuma ki sa hannu a komai nan take. Ki ce za ki tafi da takardar ki duba, ki kira ACAS (hukumar ba da shawara da sasanci kan harkar ƙwadago) ko Citizens Advice (ƙungiyar ba jama'a shawara), shawararsu kyauta ce. Batun biza kuwa sai lauya ko mashawarci mai rajista, ba na cikin zauren WhatsApp ba.

Su kuma na gida, ki kira mahaifiyarki ki faɗa mata gaskiya a hankali, cewa aiki na tangal-tangal. Ki tura abin da ya sawwaƙa, amma ki riƙe kuɗin haya da na abinci na aƙalla wata biyu kafin amsar manaja ta zo a rubuce.