Ni ma an ce da ni aikina ba falsafa ba ne

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu, inda ka ce malamin da ke duba aikinka na digiri na biyu ya ƙi amincewa da batunka a kan kirki a tunanin Bahaushe, wai wannan na sashen Hausa ne ba na falsafa ba, kana neman shawara ko ka sauya batu. Ramin da ka faɗa na kwana a cikinsa, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsata.

Nawa batun a kan kunya ne. Ranar da na gabatar da ƙudurin binciken a gaban malaman sashe, ban kai ƙarshen shafi na biyu ba wani babban malami ya tsayar da ni, ya riƙa buɗe takardun yana ƙirga karin maganar da na kawo da ƙarfi, sannan ya ce idan da karin magana ake samun digiri, to kakarsa ta cancanci kujerar farfesa. Ɗakin ya ɗauki dariya, har da abokan karatuna. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar yadda malamina, wanda ya karanta aikin ya sa hannu, ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa bai ce uffan ba. Na kasa komawa gida Tudun Wada, domin maiɗakina ta yi girki tana jiran albishir, sai na zauna a wani masallaci kusa da Ƙofar Doka har bayan isha'i. Daga baya babi na farko ya yi wata biyar a teburin malamin nawa, kullum sai ya ce in dawo mako mai zuwa, sannan yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Har yau idan muka haɗu ina gaishe shi, amma shirun nan bai bar zuciyata ba.

Duk da haka, kada ka sauya batunka, hanyar tafiyar da shi za ka sauya. Da zafin ya huce na gane cewa mai yi mini dariyar yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake bai iya faɗarta ba. Ƙorafinsa shi ne wanda masanin falsafa Paulin Hountondji na ƙasar Benin ya yi wa irin aikin da Placide Tempels, wani ɗan mishan Bature, ya fitar a 1945 kan tunanin al'ummomin Bantu na Afirka, wato tattara abin da al'umma ta yarda da shi ba ya zama falsafa sai an tuhume shi an kafa hujja. Kirk-Greene, Baturen nan masanin Hausa, ya riga ya jera siffofin mutumin kirki tun 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci, saboda haka sake jera su ba zai fisshe ka ba. Aikinka yana farawa ne a inda suka yi karo. Idan aka kira mutum shaida a kan surukinsa, kunya ce za ta rinjaya ko gaskiya, kuma da wace hujja? Abin da ya ceci kundina shi ne na gano Aristotle, masanin falsafar Girka, bai ɗauki kunya a matsayin cikakkiyar ɗabi'ar kirki ba, yana ganin ta fi dacewa da matasa, alhali mu hadisi ya koya mana cewa kunya tana cikin imani. A kan wannan saɓanin na gina babi na uku, kuma mai jarrabawa na waje a nan ya fi daɗewa.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne muna haddace sunayen Girkawa da Jamusawa, amma ɗalibi zai gama bai taɓa jin Abdulƙadir ɗan Tafa ba, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya yi rubutu a kan falsafa da Larabci, ya rasu a 1864. Ka daure ka je Gidan Arewa da ke Kaduna ka nemi rubuce-rubucen malaman Sakkwato, kuma idan Larabcinka bai yi ƙarfi ba, malaman zaure a cikin birnin Zariya ba su ƙare ba. Ka kuma duba yadda Sophie Oluwole, farfesar falsafa 'yar Najeriya, ta kwatanta Orunmila, gwanin hikima a al'adar Yarabawa, da Socrates na Girka, ba wanda ya kore ta zuwa sashen Yarabanci.

Game da malamin naka, kada ka yi gaggawar kai ƙararsa wurin shugaban sashe, domin su abokan aiki ne, kai kuwa baƙo ne mai wucewa. Ka rubuta shafi biyu kacal masu ɗauke da tambaya ɗaya da matsayinka da sukar da za a iya yi maka, ka buga ka kai masa hannu da hannu, ka rubuta ranar a littafinka. Ni ban yi haka ba, shi ya sa da aka tambaye ni dalilin jinkirina ba ni da abin nunawa, na sake biyan kuɗin rajistar shekara guda da kuɗin da na tara don gyaran babur ɗina.